Muniratu da Lambar da Ta Ƙi Motsi

Idan ka shiga garejin manyan motoci na Dutsen Kura, ka wuce masu walda, ka wuce mai faci, rumfa ta ƙarshe da ta jingina da katanga ita ce ta Muniratu. Kada ka wahalar da kanka neman suna a jiki. Allon da ke sama an shafe shi da shuɗin fenti, shafa irin ta mai ɓacin rai, har fentin ya gangaro ya bushe a gefe. Amma idan rana ta karkata ta haska shi, za ka hango inuwar sunan da ke ƙasa: Jiya. Sunan mijinta ne, Allah ya jiƙansa. Sunan nan da wata na'ura su ne duk abin da ya bar mata, kuma ita da hannunta ta jawo aka shafe shi. Mazan gareji suna cewa wauta ta yi. Su dai da baki.

An haifi Muniratu a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Kakanta daga Offa ya biyo dogo ya zo Minna, ubanta kuma a gyaran kawunan jirgi ya tsufa. Tun tana rarrafe take shaƙar dizal a jikin rigar uba. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta so ta wuce gaba, amma lokacin jirage sun rage zuwa, tukunyar gidan ta yi sanyi, ga ƙanne maza a bayanta. Kowa ya san yadda ake yi idan abu ya zo haka: macen ce ke haƙura. Aka kafa mata tebur a bakin gareji tana sayar da man inji da filta.

A nan Jiya ya same ta. Banufe ne daga Bida, mai wayarin motocin dizal, dogo, marar hayaniya. Kusan kullum sai ya zo sayen filta. Ran nan dai ta gaji ta ce masa, "Malam, kai wayarin kake yi ko cin filta kake yi?"

Ya yi dariya har da riƙe tebur. Ya ce ai filtocin suna can jibge a ƙarƙashin gadonsa, idan ta yarda ta aure shi sai ta sake sayar da su. Ta aure shi. Ta kuma sake sayar da su.

Sun haifi biyu, Lailatu da Abdulbasit, lokacin da motoci masu ƙwaƙwalwa suka fara cika gari. Irin waɗannan ba a gane ciwonsu da kunne kaɗai. Akwai wasu ƙananan 'yan rahoto da aka dasa a jikin injin, ana ce musu sensa. Wata tana faɗin zafin ruwa, wata tana faɗin zafin iskar da injin ke shaƙa, duk suna kai wa ƙwaƙwalwar labari, ita kuma ta auna man da za ta saki. Jiya ya sayar da babur ɗinsa ya sayi na'urar da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta nuna abin da ƙwaƙwalwar ke ji. Kwamfuta ake ce mata a gareji. Matsalar ɗaya ce: Turanci take yi, shi kuwa Jiya bokonsa bai yi nisa ba. Sai Muniratu ta bar teburin mai ta hau mota.

Haka suka yi shekaru. Shi kansa a cikin inji, ita a kujerar direba da kwamfuta a cinya, suna kiran juna ta taga. Yana kiranta irin kiran mutanenta, don tsokana.

"Iya Lailatu, iskar nawa?"

"Talatin da takwas."

"Taka mai."

"Arba'in. Da ɗaya. Da biyu."

"Tana da rai ke nan. Sauko, kada ki saba da kujerar mutane."

Ita ta karanta masa Turancin, shi ya koya mata ma'anarsa. Ya ce mata da safe, kafin a tada inji, zafin iska da zafin ruwa su zo kusa da juna, tunda tare suka kwana. Idan ta ga arba'in ƙasa da sifili a garin Minna, kada ta tsaya mamaki, waya ce ta tsinke ko soket ya fita. Idan lambar ta yi tsalle ta wuce hankali, wayoyi ne suka haɗu. Idan kuwa tana hawa a sannu, tana ta hawa ba ta saukowa, to kada ta zagi sensa, gaskiya take faɗa. Ta je ta duba intakula, wato lagireton da ke sanyaya iska kafin ta shiga inji, za ta tarar laka ta toshe ta. Gaba da komai kuma ya ce mata lamba mai rai motsi take yi. Lambar da ta tsaya cik, wani ne ya tsayar da ita.

Ya san abin da yake faɗa, don abin da ake yi ke nan a garejin. Direba zai zo yana kukan jar wuta ta kama a gabansa, mota ta rage ƙarfi. Maimakon a nemo ciwon, sai a yanke wayar sensa a liƙa 'yar resista, wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zane-zane, irin na cikin rediyo. Daga ranar ƙwaƙwalwar lamba ɗaya za ta riƙa ji, mai daɗi, ko da injin yana dahuwa. Wuta ta mutu, direba ya yi godiya ya tafi. Jiya yana kiran wannan toshe wa mota baki, kuma ba ya ko zama cin abinci da masu yi.

Ɗabi'u biyu gare shi da duk mai shiga rumfar ya sani. Ta farko, idan ya naɗe waya da salatif sai ya bi bakin da zaren kitso ya ƙulle, wai zafin Minna yana warware salatif amma ba ya warware zare. Zaren kuwa na Muniratu ne, daga kwandon kitsonta yake sata, sun sha faɗa a kai. Ta biyu, duk abin da ya cire daga jikin mota, ko ɗan fis ne da ya ƙone, sai ya ce wa mai motar, "Kawo hannunka." Ya sa masa a tafin hannu, ya gaya masa sunansa da laifinsa. Ba ya jefarwa, ba ya sa wa a aljihu. Saboda wannan ne masu ɗaukar doya daga Beji suke wuce rumfuna da yawa su zo ta ƙarshe. Suna cewa a rumfar Jiya ba a rufe wa mutum ido.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga, amma bai daina zuwa gareji ba. A watannin nan Muniratu ta fi zama a layin asibiti da shagon magani fiye da kujerar direba, shi kuma yana lallaɓa aikin shi kaɗai, don ya riga ya haddace inda lambobin suke. Wata rana ya dawo ya kwanta, bai sake fita ba.

Bayan ta fita takaba, dangi suka ce a sayar da kwamfutar a raba. Wan Jiya, Ndakotsu, wanda shi ya riƙe shi tun suna yara a Bida, ya hana. Ya ce a bar mata, a bar allon da sunan yadda yake, sunan ƙaninsa zai ciyar da 'ya'yan ƙaninsa. Mazan gareji suka yi ta gunaguni, wai mace ita kaɗai a rumfa. Amma motocin Beji ba su fasa zuwa ba. Ba don Muniratu suke zuwa ba, ita ma ta sani. Don sunan suke zuwa. Da shi ta biya makarantar yara, da shi ta riƙe ɗakin haya a Tudun Fulani. Kuma duk lokacin da ta ce wa direba "kawo hannunka", sai ta ji kamar Jiya yana tsaye a bayanta.

A bazarar da ta wuce, lokacin da zafi ya kai mutum ba ya iya dafa ƙarfe da hannu, Maiwada ya shigo da motarsa da sassafe, ana janta don yana tsoron tada ta. Maiwada mutumin Beji ne, dattijo mai fara'a, doya yake ɗauka daga gonaki ya kawo kasuwa. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce shagonsa. Ya ce ta daɗe tana baƙin hayaƙi, tana shan mai kamar an huda tanki, ga wata ƙara da ta fara yi a ciki. An canza masa nozul masu fesa mai a wani wuri, an canza filta a wani, an kwance famfon mai a wani. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne babu wutar da ta kama.

"Shi ne na ce bari in koma gida," in ji shi. "Maman Lailatu, ki tambayar min ita da Turancin nan naku, ko ni ne ba ta so."

"Ai da ka fara zuwa gida kafin ka zaga dangi," ta ce masa. "Ba ni makulli."

Ta soka kwamfuta. Ƙwaƙwalwar ta ce ba ta da ƙorafi ko ɗaya. Ta shiga wajen lambobi. Zafin ruwa talatin da uku, injin bai tashi ba tukuna. Zafin iska ashirin da biyar. Ta ɗan ɓata fuska. Tare suka kwana, me ya raba su haka?

Ta ce a tada mota a lallaɓa a ɗan zaga. Maiwada ya ja, ita tana gefensa da kwamfuta a cinya. Suka nufi Bosso, suka juyo ta Tudun Fulani, rana ta riga ta buɗe, kwalta tana turiri, motar tana tari tana zubar da hayaƙi. Zafin ruwa ya hau ya wuce tamanin, ya wuce casa'in. Zafin iska yana nan ashirin da biyar. Ko gezau.

Da suka dawo ta leƙa ta bayan katanga wajen Theresa mai shagon gyaran gashi, ta ce ta ara mata dirayar busar da kai, ta kuma jawo mata waya daga janaretonta. Theresa ta miƙo ta saman katanga tana cewa, "Idan ta dawo tana warin gas, ke za ki yi wa kwastomomina bayani."

Mazan gareji suka ga mace ta nufi inji da diraya, suka samu abin yi. Wani ya ɗaga murya: "Matar Jiya, yau mota za a yi wa wankin kai?" Aka kwashe da dariya. Ba ta ko waiwaya ba. Ta kwance sensar daga bututun iska, ta bar ta haɗe da wayarta, ta hura mata zafi har ta kasa riƙe ta da yatsa. Ta dubi kwamfuta. Ashirin da biyar. Ta zare soket ɗin gaba ɗaya, wanda ya kamata lambar ta faɗa arba'in ƙasa da sifili nan take. Ashirin da biyar.

Nan ta gane. An toshe wa motar baki. Ranta ya ɓaci, ta fara tsine wa wanda ya yi a zuci, tana ayyana wanne ne cikin masu dariyar nan. Ta sa yatsa ta bi wayar daga soket, ta bayan kan inji, ta cikin robar da aka sa wayoyi, har ta ji wani ɗan ƙululu a inda ido ba ya kaiwa. Ta jawo shi waje.

Baƙin salatif ne, naɗi mai kyau, ba irin na garaje ba. Bakinsa kuma an bi shi da zaren kitso an ƙulle.

Ta san ƙullin. Ta sha ganin yatsun da ke yin sa. Ta san ma zaren, irin wanda take saye ne wajen wata mata a kasuwa, mai ɗan sheƙi, wanda ya yi ta ɓacewa daga kwandonta. Ta warware shi a hankali, kamar mai fatan ta tarar da waya ce kawai aka haɗa. Resistar tana ciki, an liƙe ta da dalma tsaf, aikin wanda ya iya.

An ɗaga kan motar, ita kuma tana durƙushe a ƙarƙashinsa, ba mai ganin hannunta. Maiwada yana can gindin dalbejiya yana shan rake yana ba wani labari. Masu dariya sun koma kan aikinsu. Filaya tana hannunta, aljihun rigar aikinta yana buɗe. Datsa biyu kawai, ta jefa a aljihu, ta sauko ta ce waya ce ta lalace. Babu mahaluƙin da zai sani. Sunan zai zauna a allo, motocin Beji za su ci gaba da zuwa, Lailatu za ta gama makaranta. Kuma mutumin da ya wahala ya mutu zai kwanta da mutuncinsa.

Ta daɗe a wurin. Gumi yana ɗiga daga haɓarta kan ƙarfe yana bushewa. Ta datse abin, ta riƙe shi a dunƙule, hannun ya nufi aljihu. Sai ta tarar ba ta san yadda ake yi ba. Shekara da shekaru hannun nan hanya ɗaya ya sani daga inji, wato zuwa tafin mai mota. Wanda ya koya masa hanyar kuwa shi ne mai ƙullin.

Ta sauko. Ta ce, "Malam Maiwada, kawo hannunka."

Ya goge ruwan rake a riga ya miƙo yana murmushi. Ta sa masa resistar, da guntun salatif, da zaren.

"Wannan ɗan abin ne ya hana ni barci?"

"Wannan ne ya hana motarka gaya maka tana ƙonewa. An yanke sensar iska an sa shi a madadinta. Ƙwaƙwalwar tana ta jin iska da sanyi, tana ta zuba mai, alhali wuta injin ke shaƙa."

Murmushin ya tafi. "Wane marar tsoron Allah ne?"

"Wa ya taɓa taɓa maka wayar wurin nan?"

"Babu. Masu nozul ba su je nan ba. Wayar motar nan ba wanda ya taɓa sa mata hannu sai..." Ya tsaya. Ya dubi zaren. Shi ma ya san shi, duk mutumin Beji mai mota ya san shi.

"Shi ne," in ji Muniratu.

Maiwada ya ce lallai an yi haka. Daminar ƙarshe ta Jiya, sabuwar doya ta fito, jar wuta ta kama, mota ta ƙi ja. Ya kawo ta, ya tarar da Jiya shi kaɗai, ƙafa a kumbure, yana jan jiki. Kafin ya dawo daga masallaci wuta ta mutu, mota ta dawo da ƙarfinta.

Muniratu ta matso. "Da ya gama, ya ce ka dawo?"

"Ya ce me?"

"Ya ce maka na wucin gadi ne? Ya ce idan ka sauke doya ka dawo a sa sabuwa?"

"Maman Lailatu, wuta ta mutu, mota ta tashi, doya tana jirana a gona. Me zan tsaya ji?"

"Don Allah ka tuna. Ya sa maka wani abu a hannu? Ya ce wani abu?"

"Ban tuna ba."

"Malam Maiwada..."

"Na ce miki ban tuna ba! Ki bar ni da wanda ya mutu, ki gaya min motata za ta tashi?"

Ba ta tashi ba. Da aka kwance gaba, intakular a toshe take da busasshiyar laka da ƙaiƙayi, iska ko kaɗan ba ta ratsa ta. Da bakaniken inji ya buɗe ciki, fistin biyu sun tsage, sauran sun ƙone baki. Damina biyu motar tana dahuwa a ciki tana cewa lafiya lau. Maiwada ya zauna a ƙasa daɓas, dattijo da furfura, ya ɗora hannu a ka. Babu mai ganin laifinsa a nan. Abincin gidansa ne aka baje a kan buhu gunduwa-gunduwa.

Amma mazan gareji fa? Kafin la'asar zaren nan ya zaga garejin hannu zuwa hannu. Waɗanda suka fi ɗaga murya su ne waɗanda resista take cike da gwangwani a rumfunansu, masu sa ta safe da yamma ba tare da sun ko rufe ta da kyau ba. Su ne ke tafa hannu suna cewa, "Ashe malam ma yana taɓawa!" Mutum ya shekara ashirin yana ƙin abu a gabansu, ya sa suna jin kunya, sai ga rana ɗaya ta faɗo musu. Wallahi ko ranar salla ba su yi farin ciki irin na ranar ba. Ba ɗaya a cikinsu da ya dubi matar da ke tsaye da filaya a hannu ya ce mata sannu.

Da gareji ya fara watsewa, ta ɗauki sensar ta gwada ta da mita, ta sake hura mata diraya. Matacciya ce. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Watakila ta mutu ne tun lokacin, babu irinta a Minna, doya tana jira, sai Jiya ya yi dabarar kwana biyu ya ce a dawo. Haka ne ma, dole haka ne. Sai kuma ta tuna wani abu. Duk kayan da babu a gari ita ke bugawa Legas a aiko. Jiya bai taɓa yin odar ko ƙusa da kansa ba. Kuma bai ce mata ta nemo sensar iska ba. Ta juya watannin nan a kanta, ta juya. Lokacin yana mantuwa, yakan sa hula ya nemi hula. Watakila ya yi niyya ya manta. Watakila kuma ya gaji ne kawai, jiki ya ƙi, ya ga hanya mai sauƙi ya bi, ya naɗe ta da kyau ya tura ta inda matarsa ba za ta gani ba. Wanda zai raba mata gardamar nan yana maƙabarta.

Labari ya riga ta isa Bida. Ndakotsu ya zo da kansa, ya same ta a rumfa. Bai yi ihu ba. Da ya yi ihu ma da ya fi mata sauƙi. Ya zauna a bencin da ƙaninsa yake zama, idonsa ja.

"Muniratu, ke kaɗai kika gani?"

"Ni kaɗai, Yaya."

"Ba mai tsaye a kanki?"

"Babu."

"Kuma kika ɗauko kika sa a hannun bare. Mutumin da ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Uban 'ya'yanki."

"Yaya, shi ya koya min."

"Ya koya miki a kan aikin wasu."

"Bai ce min ban da nasa ba."

Ndakotsu ya girgiza kai. Ya ce a Bida yanzu ba ya iya zama a majalisa. Ya ce shi ya goyi yaron nan, shi ya kai shi koyon aiki, abu ɗaya da suke taƙama da shi a gidansu shi ne ba a taɓa kama Jiya da ha'inci ba. Ya ce kwamfuta ta riƙe, ta yara ce. Amma sunan nasu ne, kuma ba zai bar shi rataye a saman kan wadda ta zubar da shi ba. Ya aika aka sayo fenti. Shi da kansa ya hau benci, tsoho da shi, ya shafe allon. Hawaye yana bin gemunsa yana shafawa. Muniratu ta riƙe masa bencin don kada ya faɗi.

Motocin Beji sun ragu ƙwarai. Wasu sun ce idan Jiya ma ya yi, to kowa ma ɗaya ne, gara na kusa. Wasu sun ce macen da ba ta rufa wa mijinta asiri ba, wa za ta rufa wa? Ka ji fa. Su ne aka ƙi rufe wa ido, su ne kuma ke jin haushi. Maiwada ya sayar da gangar jikin motar, yanzu ta wani yake ja. An ce resistar tana aljihunsa har yau, yana fito da ita a kasuwa idan hira ta kawo.

Muniratu tana nan a rumfa ta ƙarshe. Ta mayar da teburin mai da filta gaba, don aikin kwamfuta kaɗai ba ya riƙe gida yanzu. Ta daina sayen zaren kitso, Lailatu wajen Theresa take zuwa a yi mata. Wayar da ta naɗe kuma da salatif kaɗai take barinta, ya warware idan ya ga dama.

Jefi-jefi wata tsohuwar motar da Jiya ya taɓa gyarawa takan shigo. Muniratu tana gane su tun daga ƙofar gareji. Ko me mai motar ya ce ya kawo shi, ko fitila ce, ko birki, sai ta fara soka kwamfuta ta shiga wajen zafin iska. Ta ce wa direba, "Taka mai." Daga nan ba ta numfashi. Tana kallon lambar, direba yana kallonta yana mamakin abin da take nema. Sai lambar ta motsa, talatin da tara, arba'in, sannan ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Tana da rai."

Duk waɗanda suka zo zuwa yanzu lambarsu ta motsa. Amma Jiya ya gyara motoci da yawa a daminar nan da ba ta wurin, kuma mafi yawansu ba sa zuwa rumfar yanzu. Idan tana zaune a bakin tebur ta ga ɗaya ta wuce a titi da lodin doya, takan miƙe ta bi ta da ido, tana duba launin hayaƙin, har ta sha kwana.